Umarni uku da suka cinye mini kwana biyu: sharhina kan harhaɗa manhaja daga tushe

Wata huɗu kacal na yi ina amfani da Ubuntu, wani tsarin gudanar da kwamfuta na Linux, lokacin da na yanke shawarar harhaɗa wata manhajar gyaran sauti da kaina, wato in mayar da rubutun tushenta manhaja mai aiki, domin sigar da ke ma'ajiyar apt, kayan sanya manhajoji na Ubuntu, ba ta buɗe wani nau'in fayil da nake aiki da shi kullum, sabuwar siga kuwa tana buɗewa. Na sauko da ƙunshin tar.gz, na warware shi, na buɗe fayil ɗin INSTALL, sai na tarar da umarni uku a jere: ./configure, sannan make, sannan sudo make install. Masu manhajar ba su ƙara ko kalma ɗaya ba, kuma wannan rowar bayani ita ce tushen duk wahalar da na sha.

Sanya build-essential, wanda ke kawo gcc da g++ da make, bai ba ni matsala ba. Da na bayar da umarnin farko, layuka suka yi ta gudu a allo ana duba abin da kwamfutar ke da shi, can sai aiki ya tsaya cak da saƙon cewa ba a sami libsndfile ba, wato laburaren da manhajar ke dogara da shi wajen karanta fayilolin sauti. Na bincika na ga libsndfile1 tana nan daram. Na sake sanya ta, na kashe kwamfutar na kunna, amma saƙon bai canza ba, haka na kwana ina zargin cewa na ɓata wani abu a tsarin. Sai washegari da na daure na karanta config.log, fayil ɗin da configure ke rubuta abin da ya gano a ciki, layi bayan layi na gane cewa abin da ake nema shi ne wani fayil mai suna sndfile.h, wanda ba ya zuwa da laburaren da ake amfani da shi yau da kullum, sai a wani ƙunshi dabam mai suna libsndfile1-dev. A Debian da Ubuntu haka aka raba su: ƙunshi ɗaya na gudanar da manhaja ne, mai -dev a ƙarshe kuma na wanda zai harhaɗa ne. Jimla ɗaya a cikin INSTALL da ta ishe ni sanin wannan. Abin ya ƙara ƙona mini rai ganin cewa configure na wannan manhaja ba ya faɗin abubuwan da suka rage gaba ɗaya, sai dai ya tsaya a kan na farko, a gyara, a sake farawa, ya tsaya a na gaba. Sau shida na yi wannan zagaye kafin na san akwai apt build-dep, wanda ke kwaso yawancinsu a lokaci guda idan an kunna deb-src, wato ma'ajiyar tushen manhajoji.

Matakin make ne ya wanke mini zuciya. Yana cikin aiki gargaɗi ya cika allo, na tsorata na danna Ctrl+C, alhali gargaɗi ba kuskure ba ne. Na ɗauka komai ya koma farko, amma da na sake bayar da umarnin sai ya tsallake duk fayilolin da ya riga ya gama, ya ɗora daga inda ya tsaya, domin yana kwatanta lokacin da aka taɓa kowane fayil kafin ya sake aiki a kansa. Stuart Feldman ne ya rubuta make a Bell Labs a 1976, kuma na yi mamakin yadda kayan aiki mai wannan shekaru ya fi takardar bayanin da aka rubuta jiya tausayin sabon shiga. Na ƙara -j4 don ya yi ayyuka huɗu a tare, fankar kwamfutar ta ɗauki ƙara, cikin kusan minti ashirin ya kammala. Bayan sanyawa manhajar ta ƙi tashi saboda ba ta ga laburarenta a /usr/local/lib ba, sudo ldconfig, wanda ke sabunta jerin laburaren da tsarin ya sani, ya warware wannan nan take. Da fayil ɗina ya buɗe na ji sautin ya fito tas, na yi farin ciki matuƙa, kuma da a ranar na rubuta wannan sharhi, da yabo zalla zan yi.

Bayan wasu watanni na sabunta Ubuntu, ma'ajiyar ta zo da siga wadda ta fi tawa sabunta, na sanya ta da apt, amma duk lokacin da na kira manhajar sai tawa ta dā ta buɗe. Umarnin which ne ya nuna mini dalili: /usr/local/bin yana gaban /usr/bin a cikin PATH, jerin foldodin da tsarin ke dubawa bi da bi idan an kira manhaja, kuma apt ba shi da masaniya kan abin da make install ya zuba, ke nan duk tsawon lokacin nan ba gyaran tsaro ko ɗaya da ya shiga wadda nake amfani da ita. Na sake sauko da tushen, na sake configure, na bayar da sudo make uninstall, sai aka amsa mini cewa babu wannan ƙa'ida a cikin Makefile, fayil ɗin umarnin da make ke bi. Masu manhajar sun tanadi hanyar shiga, ba su tanadi ta fita ba, kuma ban ga uzurin da za su bayar ba.

Da sun ambaci --prefix, zaɓin configure da ke nuna inda za a sanya manhajar, da na zuba komai a folda ɗaya cikin gidana na mai amfani, ba tare da sudo mai ba da ikon mai kula da tsarin ba, ranar cirewa in goge ta in huta. Ga wanda yake son koyo ba zan hana shi ba, amma da wannan sharaɗi, kuma ya adana foldar da ya harhaɗa a ciki. Ni dai da hannu na bi bin da lib da share da ke ƙarƙashin /usr/local, ina duba kwanan watan kowane fayil kafin in goge shi da sudo rm, gabana yana faɗuwa. Har yanzu akwai fayiloli biyu a /usr/local/share da ban tabbatar ko nata ba ne, don haka na bar su a wurin.