Ɓauren ado mai faffaɗan ganye: inuwa ta yi, amma saiwarsa ta cinye mini bututu

Shekara 5 ke nan da na sayi dashen ɓauren nan da ake kira Ficus lyrata, mai ganye da ƙugu a tsakiya kamar kalangu. Lokacin bai wuce gwiwata ba, ganye shida ne a jikinsa, cikin baƙar leda. Na tambayi mai lambun ko yana girma. Ya ce, "Haba Malam, wannan ai ɗan ado ne, ko jikin bango ka sa shi ba ruwanka." Ni kuma na yarda, na dasa shi taku uku daga bangon bayi.

Makon farko ya kusa sa ni kuka. Ashe a ƙarƙashin rumfa aka raine shi, ni ko na kai shi tsakar rana kai tsaye. Ganye huɗu suka ƙone, suka yi ja kamar an gasa su, kuma ganyen da ya ƙone ba ya dawowa. Na kafa masa buhu ta yamma, na daina ba shi ruwa sai ƙasar sama ta bushe, don saiwarsa ba ta son kwana cikin ruwa, ruɓewa take. Wata biyu ya yi shiru, sannan ya tashi haiƙan.

Gaskiya kyau kam ba a magana. Na auna wani ganye, santimita 40 da ɗoriya, kauri kamar fata, jijiyoyinsa raɗau. Idan aka yi ruwan sama ya wanke su, har ɗaukar ido suke. A shekara ta uku na fara shimfiɗa tabarma a gindinsa. Da a lokacin na rubuta wannan sharhin, da tauraro biyar zan ba shi ban ko yi tunani ba.

Sai bana ruwan bayi ya fara tsayawa. Na zuba sinadari, na zura waya, a banza. Mai gyaran famfo ya zo ya fasa siminti, ya tona, ya kira ni in gani da idona. Saiwa ce ta samu 'yar kafa a mahaɗar bututu inda ruwa ke tsattsafowa, ta shige, ta yi curi a ciki kamar gashin da aka tsefe aka dunƙule. Da ya jawo ta, tsawonta ya kai hannuna biyu, ga wari. Wata kuma mai kaurin damtse ta bi ƙarƙashin daɓe ta ɗaga shi, tsagar har ta fara hawa bango. Kwana uku muna aiki. Garin sare saiwar, farin ruwan nan nasa mai kama da madara ya zubo mini a hannu, na kwana ina susa.

Daga baya na gane itacen daji ne na gaske, asalinsa dazuzzukan Afirka ta Yamma, daga Saliyo zuwa Kamaru, kuma a ƙasa yakan kai mita 12 zuwa 15. A tukunya ne kawai yake zama ɗan ado. Akwai gajeren iri da ake kira Bambino, amma ba shi aka ba ni ba, kuma mai lambun ya san haka ko ya kamata ya sani. Da na koma masa da maganar, cewa ya yi ƙasata ce ta cika kyau!

Ga kuma shara. Ganye ɗaya idan ya faɗi kamar faranti yake, tsintsiya ba ta ɗaukarsa, sai da hannu, kuma ba ya ruɓewa da wuri.

Tauraro biyu, kuma na itacen ne, ba na mai sayarwa ba. Mai sara ya zo sau biyu ina mayar da shi. Na dai feƙe ɓawon wani reshe, na ɗaure wurin da danshin ƙasa cikin leda. Saiwa ta fara leƙowa, wannan kuma tukunya zai shiga.