Drill Ranch ta Kalaba da Afi: Sharhi ga mai sha'awar aikin kula da birai

Duk matashin da ya karanta likitancin dabbobi a Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri, ko ya fito daga kwalejin kula da namun daji ta New Bussa, kuma yake tunanin ya maida kula da birai sana'arsa, ina ganin ya kamata ya ziyarci Drill Ranch, cibiyar ceto da kula da birai da ke jihar Kuros Riba, mai reshe a Kalaba da kuma a dutsen Afi, kafin ya yanke shawara. Wurin ba makaranta ba ne, amma yini guda a cikinsa yana nuna ainihin aikin fiye da abin da ake gani a hotunan da ke yawo a intanet, inda kullum mai kula da biri yake rungume da jinjiri yana murmushi.

Ƙungiyar Pandrillus ce ke gudanar da wurin, wadda Amurkawa biyu, Liza Gadsby da Peter Jenkins, suka kafa, kuma sun fara wannan aiki a Kalaba a shekarar 1991. Dabbar da suka fi mayar da hankali a kanta ita ce dril, wani biri mai baƙar fuska da guntun wutsiya, wanda namijinsa ke da jan leɓe da launuka masu ɗaukar ido a bayansa. A duk duniya ba a samun sa sai a Kuros Riba da kudu maso yammacin Kamaru da tsibirin Biyoko na ƙasar Ikwatoriyal Gini, kuma farauta da sare daji sun rage yawansa ƙwarai. Akasarin waɗanda aka fara tarawa marayu ne da mafarauta suka harbe iyayensu mata don naman daji, aka kai su ƙauye aka ɗaure. Akwai kuma cimpanzi, manyan birai marasa wutsiya, da aka ceto ta irin wannan hanya.

Reshen Kalaba ƙaramin fili ne a tsakiyar unguwa, kuma wanda ya je da tunanin zai ga gidan namun daji irin na Audu Bako da ke Kano zai iya jin an rage masa. Ba wurin shaƙatawa ba ne, domin a nan ofis yake, a nan ake karɓar sababbin zuwa, a nan kuma likita ke duba su. A ganina wannan shi ne sashen da ya fi amfani ga ɗalibi. Birin da aka kawo ba ya shiga cikin 'yan'uwansa sai an killace shi na tsawon lokaci an gwada shi, musamman gwajin tarin fuka, saboda dabbar da ta zauna a hannun mutane tana iya ɗauko cutar mutane, kuma mutum ɗaya mai tari yana iya zama sanadin halakar garke. Cutar kuma tana tafiya ta kowane ɓangare, shi ya sa ma'aikaci a irin wannan wuri yake kula da lafiyarsa da rigakafinsa kamar yadda yake kula da ta dabbar. Baƙo ba ya taɓa biri, ba ya miƙa masa abin da ya zo da shi a aljihu, kuma wannan doka ita ce abu na farko da ya burge ni, ganin yadda muka saba da masu wasa da biri a kasuwanninmu, suna jan sa da sarƙa yara suna shafa shi.

Babban wurin yana can arewacin jihar, a ƙaramar hukumar Boki, a gindin dutsen Afi kusa da ƙauyen Buanchor. A nan ake ajiye dril garke-garke a cikin daji na gaske da aka kewaye da waya mai lantarki, kuma sun hayayyafa har sun kai ɗaruruwa, da nufin a mayar da su daji. Cimpanzi suna da nasu shingen dabam. Wanda ya tsaya ya lura da ma'aikatan zai ga cewa yawancin yininsu a dako da yanka yake ƙarewa: ayaba da gwanda da gyaɗa da sauran amfanin gona da ake saye daga manoman yankin, a ɗauka a kai bakin shinge, a zuba ta yadda manyan maza ba za su hana ƙanana ci ba. Bayan haka sai zagayen waya, domin reshe ɗaya da iska ta karyo ya kwanta a kanta ya isa ya buɗe wa dabba hanya. Abin da ya fi wuya, wanda kuma ba a koyon sa a aji, shi ne gane kowane biri da fuskarsa da uwarsa da matsayinsa a garke, har mutum ya iya lura cewa wance ba ta ci abinci yau ba, ko wane ya kwana da rauni. Da yawa daga cikin masu wannan ido 'yan ƙauyukan kewaye ne, kuma mai digiri da ya zo da girman kai zai daɗe bai kamo su ba.

Ɗaukar mutanen yankin aiki da sayen abinci daga gonakinsu dabara ce mai ma'ana, domin wanda tuwonsa ya dogara da rayuwar biri ba zai so a harbe shi ba. Sai dai wannan yana nufin guraben da ke buɗe ga baƙo daga nesa ba su da yawa, kuma ƙungiya ce da ke rayuwa da gudummawa, saboda haka kada kowa ya je da tsammanin albashin gwamnati ko takardar shaida da zai liƙa a bango. Haka kuma ba cibiyar gwajin magunguna ba ce. Wanda burinsa binciken cututtuka ne a ɗakin gwaji, hankalinsa ya fi dacewa ya koma ga wurare irin cibiyar binciken birai da ke Nairobi ta Kenya, wanda kuma yake son bin cimpanzi da gwaggon biri (bika) a dajinsu da littafi da alƙalami, gandun dajin Gashaka Gumti da ke Taraba da Adamawa ya fi kusa da mu, kuma zai sami masu jin Hausa da Fulatanci a can.

Batun masauki a Afi sai an shirya masa. Ɗakunan katako ne da aka rufe da raga saboda sauro, kuma baƙo ne ke zuwa da kayan abincinsa, wanda hakan ya yi wa Musulmi daidai tunda shi zai dafa abin da zai ci. Hanyar daga Kalaba ta bi ta Ikom, ƙarshenta kuma ta ƙasa ce da ke wahalar da mota da damina, don haka rani ya fi dacewa da tafiyar. Ruwan yankin ba na wasa ba ne, domin a 2012 zaizayar dutse da ambaliya sun yi ɓarna mai yawa a wurin. A dutsen nan ne kuma gorilar Kuros Riba, wani ƙaton biri marar wutsiya, take, amma kada a sa ran ganin ta, saboda ko masu bincike yawanci shimfiɗar kwananta kawai suke tararwa.

Shawarata ita ce a fara da reshen Kalaba, a nemi magana da masu kula da dabbobin, a tambaye su ƙarfe nawa suke fara aiki da abin da suke yi idan biri ya tsallake shinge, sannan a bar gudummawa gwargwadon hali. Wanda ya ji amsoshin bai karaya ba, sai ya tuntuɓi ofishin tun da wuri don shirya zuwa Afi, ya kuma tanadi takalmin ruwa da maganin zazzaɓin cizon sauro.