Mora, Opinel ko wuƙar maƙera: wacce za ka tafi da ita kwanan daji?

Ɗan'uwa, ka ce kai da abokanka kuna shirin fita kwanan daji bayan damina, kwana biyu ko uku kuna girki da kanku, kana neman wuƙa mai ƙwari wadda ba za ta yashe maka aljihu ba. Ka ga Mora da Opinel a intanet, ka kuma ga wata ƙatuwa mai ƙyalli a kasuwa, mai haƙora a baya da kamfas a gindin mariƙi, kuma ta fi su araha. Bari mu fara sallamar ƙatuwar tukuna.

Na taɓa sayen irinta. Ranar da na fara fita da ita na ɗora ta a kan wani guntun ice da bai fi kaurin hannuna ba, na ɗauki wani icen ina dukan bayanta don ya tsage. A duka na huɗu sai ga mariƙi a hannuna, ruwan wuƙar kuma yana can maƙale a cikin ice. Da na duba sai na ga abin da ya haɗa su wani siririn ƙarfe ne kamar ƙusa, an ɗan ɗosa masa walda, aka rufe da roba. Ban koma wajen mai kaya ba, don wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tun daga ranar, abin da nake fara tambaya game da kowace wuƙa shi ne, ina ƙarfenta ya tsaya a cikin mariƙi? Wadda mariƙinta rami ne na zuba ashana da ƙugiya, ai ta riga ta ba ka amsa: babu ƙarfe a ciki.

To, sauran biyun. Duka wuƙaƙen kirki ne, amma ba aiki ɗaya aka ƙera su don shi ba.

Mora sunan wani gari ne a ƙasar Suwidin, inda masana'antar wuƙar ta samo asali tun 1891, kuma kamfanin yanzu Morakniv ake kiransa. Wadda za ka fi cin karo da ita ita ce Companion. Ba a naɗe ta, kube gare ta na roba mai tauri. Tsawon ruwanta santimita 10 da 'yan kai, nauyinta da kuben bai wuce giram 120 ba, mariƙin kuma roba ce mai kama hannu ko da gumi ko da jini. Ƙarfenta bai fita har ƙarshen mariƙi ba, ya tsaya wajen kashi uku cikin huɗu, amma an zuba robar ta kama shi gam, shi ya sa ba ta girgiza. A Turai da Amurka ana sayar da ita wajen dala 15 zuwa 20. Kafin ta iso hannunka kuɗin kawowa da canjin dala za su hau kanta, wannan ka sa shi a lissafi.

Opinel kuwa 'yar Faransa ce. Joseph Opinel ya fara yin ta a 1890 a yankin Savoie, kuma lamba ake ba ta gwargwadon girma. Lamba 8 ita ce ta kowa da kowa: ruwa santimita 8.5, mariƙin katako, ana naɗe ta a jefa aljihu, ba ta kai rabin nauyin Mora ba. A wuyanta akwai wani zoben ƙarfe da aka ƙara mata a 1955, wanda kake murzawa ya kulle ta don kar ta rufe maka a yatsu. Farashinsu a can kusan ɗaya ne.

Bambancinsu yana fitowa ne da zarar an sauke kaya an fara aiki. A wajen girki Opinel ta yi wa Mora fintinkau. Ruwanta siriri ne, yana ratsa albasa da tumatir kamar aska, yana fere dankali da doya ba tare da ya kwashe rabinsu ba. Mora an yi mata baki irin na gizago: gefenta a miƙe yake, sai can kusa da kaifi ya karkata lokaci ɗaya. Irin wannan bakin idan ya shiga albasa ko karas, yakan fi tsaga su a kan yanka su. Za ka yi miya da ita, ba wai ba, amma za ka ji ba gidanta ba ne.

Juya ga itace kuma sai labari ya sauya. Feƙe turakun tanti, sassaƙa sandar rataya tukunya, kankare busasshen ice ya yi siraran ɓawo na kunna wuta, yanke igiya, tsaga ƙananan ƙirare, nan Mora take sarauta. Wannan bakin nata yana cizon itace yana bin inda ka nufa, ba ya zamewa. Opinel za ta feƙe turke ɗaya ko biyu, amma duk ƙarfinta a kan ƙusa guda ɗaya yake, wadda ruwan yake juyawa a kanta. Ka matsa mata da murɗawa ko duka, wuyan katakon ya tsage ko zoben ya fita.

Akwai kuma wani hali na Opinel da masu talla ba sa faɗa. Katako yana shan ruwa. Ka wanke ta ka bar ta a jiƙe, ko raɓa ta sauka a kanta da dare, da safe za ka tarar mariƙin ya kumbura ya cije ruwan wuƙar, farcenka ya kusa cirewa ba ta buɗe ba. Dabarar da mutanen Savoie suke yi ita ce su riƙe ta ta wajen zoben su ƙwanƙwasa ƙarshen mariƙin a kan tebur ko dutse, sai tsinin ya leƙo. Tana aiki, na sha yi. Da hunturu kuma katakon ya bushe, sai ta yi sakwa-sakwa. Sannan idan ka fiɗe kaza ko ka gyara kifi da ita, jini da kitse suna shiga tsagar mariƙin, wankewa sai da tsinke. Mora kuwa ka ɗauraye, ka goge, ka mayar kube.

Dukansu ana yin su iri biyu, mai tsatsa da marar tsatsa, kuma za a tambaye ka wacce kake so. Marar tsatsa, wadda ake ce wa sitenles, an gauraya ƙarfenta da sinadarin kuromiyam, shi ke hana ta ci. Mai tsatsar ta fi saurin ɗaukar kaifi a kan kowane dutse, amma ka yanka lemo ko tumatir ka bar ta, kafin ka gama cin abinci ta yi dabbare-dabbare. Baƙin da take yi ba illa ba ne, yana ma ɗan kare ta. Jan nan mai gari shi ne tsatsa. Tunda kun ce bayan damina za ku fita, lokacin da ciyawa ke jiƙe da raɓa, kuma wuƙa ɗaya za ta yi girki ta yi sassaƙa, ni sitenles zan ce ka ɗauka. Wanda ya saba goge wuƙarsa ya shafa mata mai duk dare, shi ya ɗauki ɗayar.

Yanzu ga wadda ba ka ambata ba, wadda kuma ta fi kusa da kai: wuƙar maƙera. Kar ka raina ta don ba ta zo a kwali ba. Mahauta da mafarauta da makiyaya da ita suke aiki kullum, ba sau biyu a shekara ba. Maƙera da yawa da tsohon sifirin mota suke ƙera ta, kuma wannan ƙarfe ne na gaske, an yi shi don ya lanƙwasa ya dawo bai karye ba. A kuɗi babu wadda ta kama ƙafarta a araha, ga shi kai za ka faɗi tsawon da kake so, ka ce a bar ƙarfen ya ratsa ƙota har ƙarshe a buga masa ƙusa biyu ko uku, sannan ka kai wa baduku ya ɗinka kube.

Matsalarta ɗaya: ba ta da tabbas. Mora guda dubu duk halinsu ɗaya, amma wuƙa biyu daga maƙera ɗaya suna iya bambanta, domin komai ya dogara da yadda aka ƙona ƙarfen ya yi ja, aka tsoma shi a ruwa ko mai, aka sake ɗumama shi kaɗan don kar ya yi tauri irin na gilashi. Idan bai samu wuta yadda ya kamata ba, bakin zai riƙa lanƙwashewa. Idan taurin ya yi yawa, zai riƙa ɓantarewa. Saboda haka kar ka saya a rufe. Ka karɓi magagari a wajen maƙerin ka goga a bakin wuƙar a hankali. Idan ya zame yana ƙara siririya bai ci ba, ƙarfen ya yi tauri. Idan ya kama yana zubar da gari kamar yana cin ƙusa, ajiye ta. Sannan ka sami busasshen ice mai tauri, irin ƙirya ko marke, ka sassaƙa sau ashirin, ka ɗaga bakin a rana ka duba. Duk inda ka ga yana ƙyalli, nan ya dakushe ko ya kwanta. Maƙerin da ya san aikinsa ba zai ji haushin wannan gwajin ba, shi zai ma miƙo maka icen. Hanya mafi sauƙi kuma, ka tambayi mahaucin unguwarku wa ke ƙera masa.

Wani zai ce ina Okapi, wadda iyayenmu suka sani, mai zobe a baya da ake ja a rufe ta. Tun 1902 ake yin ta a Solingen ta Jamus don kasuwannin Afirka, a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. A sahun Opinel take, 'yar aljihu ce, sai dai sau da yawa takan zo a dakushe sai ka wasa ta da kanka, kuma jabunta sun cika kasuwa.

Abin da ke sa mutane kashe kuɗi a banza shi ne neman wuƙa ɗaya da za ta yi aikin aska ta yi na gatari. Turawan da kake gani a bidiyo suna faskare da wuƙa, galibi adda ce ba su saba da ita ba. Kai kuwa adda tana bayan ƙofar kowane gida, ko ta maƙera ko mai tambarin kada. Sare reshe, share wurin kafa tanti, faskaren itacen girki, duk nata ne. Da zarar adda tana cikin kaya, ba ka bukatar wuƙar da ta wuce santimita 10 zuwa 12, ba ka kuma bukatar Garberg, babbar yayar Companion mai ƙarfe har ƙarshen mariƙi, wadda kuɗinta ya ninka na ƙanwar sau da yawa.

Don haka ga yadda zan yi da kuɗinka. Idan za su kai Mora Companion ta gaske, saye ta, ka ari adda a gida. Ka duba rubutun Morakniv da sunan ƙasar a jikin ruwan, ka kuma yi shakkar duk wadda aka ce maka ta fi farashin Turai araha. Idan ba za su kai ba, kar ka ci bashi, ka nufi maƙera da gwajin magagarin nan, canjin da ya rage ka sayi dutsen wasa wuƙa. Opinel ta zama ta biyu, ranar da hali ya samu, ko kuma wani cikin abokan tafiyar ya saye ta a bar masa girki. In kuma kuna da niyyar yanka akuya ko rago a can, gajerun wuƙaƙen nan ba na yanka ba ne, ku tafi da doguwar wuƙar yanka daban. Kaza da zabo dai Mora ta isa.

Wajen wasawa, kar ka ba masu injin gurza na bakin kasuwa sai in ka ga suna tsoma ta a ruwa akai-akai. Dutsen injin yana ƙona bakin, kuma da ka ga ya yi shuɗi-shuɗi, taurin wurin ya tafi. Mora ta fi kowace sauƙin wasawa da hannu: ka kwantar da karkataccen gefen nan gaba ɗaya a kan dutse mai ruwa, ka riƙa turawa, shi da kansa zai riƙe maka kusurwar. A daji, in babu dutse, kife kofin tangaran ka yi amfani da zoben gindinsa marar santsi, ka ƙarasa a bayan bel ɗin fata.

Ranar tafiya kuma ka sa ta a kube, ka cusa ta can cikin jaka tare da tukwane da cokula. Kar ka rataya ta a ƙugu sai kun isa. Ka san yadda shingayen hanya suke yanzu, matashi da wuƙa a jiki bayani ne mai tsawo. Idan wurin da za ku gandun daji ne na gwamnati irin Yankari ko Gashaka Gumti, ku tambayi ma'aikatan wurin tun a ƙofa abin da aka yarda a shiga da shi, musamman addar.