Fitilar Spider Farmer SF1000 ga mai fara noman barkono a ɗaki: ta isa ko ba ta isa ba?

Amsa a taƙaice: ta isa ga tukunya biyu zuwa huɗu, matuƙar ba a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta ba. Faranti ne na alminiyom mai cin watt 100, an jera masa ƙananan ƙwayayen LED na Samsung, yawancinsu farare, da 'yan jajaye tsakaninsu. Babu fanka a jikinsa, farantin da kansa ke zuƙe zafi, don haka ba ya ƙara ko kaɗan.

Abin da ya fi komai amfani a jikinta shi ne maɓallin rage haske. Barkono ba ya son haske iri ɗaya daga tsiro har zuwa nuna. Da zarar iri ya fito, a rataye fitilar kamar santimita 60 sama da shi, a juya maɓallin zuwa kashi 40 cikin ɗari. Idan ganye na gaskiya ya kai huɗu zuwa shida, sai a riƙa ƙarawa da kaɗan-kaɗan duk bayan kwana uku ko huɗu. Lokacin fure a buɗe ta gaba ɗaya, a sauko da ita zuwa santimita 35 ko 45 daga kan shukar. Shukar ce za ta faɗa maka ko ka yi daidai. In tsiro ya miƙe siriri, fari-fari, yana rangaji, haske ya yi masa kaɗan. In kuwa ganyen sama ya naɗe gefensa kamar kwalekwale, launinsa ya koɗe, to ta yi kusa da yawa, a ɗaga ta. Wannan kuskure na biyu shi ya fi yawa a wajen masu sabuwar fitila, don mutum gani yake tunda ya saya, gara ya more ta duka.

Awa 14 zuwa 16 a rana ya wadatar, sauran a bar shi cikin duhu. Fitilar ba ta zo da agogon kunnawa da kashewa ba, sai an saya daban, kuma bai kamata a yi wasa da shi ba: hannu yana mantuwa. A awa 16 tana cin yunit 1.6 na lantarki (kWh) a rana, kusan yunit 48 ke nan a wata.

Inda take da rauni shi ne faɗi. Ƙarfin haskenta na ainihi bai wuce murabba'in santimita 60 kowane gefe ba, kuma tsakiya ya fi gefe samu nesa ba kusa ba. Attarugu guda a tukunyar lita 15 yana iya cinye rabin wurin nan shi kaɗai idan ya yi rassa. Wanda ya cusa tukwane shida zai samu ganye kore shar da 'ya'ya ƙalilan. Juya tukwanen sau ɗaya a mako yana taimakawa, haka ma farin bango ko tanti mai ƙyalli a ciki. Hasken kuma ba ya ratsa ganye sosai zuwa ƙasa, shi ya sa gajerun iri masu ƙananan 'ya'ya suka fi tattasai dacewa da ita.

Akwai laifuffukan da ake ɗora mata alhali ba nata ba ne. Na farko rashin fitowar iri. Ɗumi iri ke nema, ƙasa mai zafin digiri 26 zuwa 30, fitilar LED kuwa ba ta ɗumama ƙasa yadda ake zato. A ɗaki mai sanyi sai an shimfiɗa tabarmar ɗumi ƙarƙashin faifan reno. Tattasai kan fito cikin mako ɗaya zuwa biyu, attarugu yana iya kai mako huɗu, kada a yi saurin zubarwa.

Na biyu zubar fure. A ɗaki babu iska, babu ƙudan zuma, don haka garin fure ba ya motsi. A riƙa girgiza kara a hankali da hantsi, ko a sa ƙaramar fanka tana kaɗa ganye. Zafin da ya haura digiri 32 ma yana zubar da fure, haka takin da nitirojin ya yi masa yawa.

Na uku ƙuraje farare kamar gishiri a bayan ganye. Ba ƙwaro ba ne, ruwa ne ya yi yawa a jijiya, ganyen ya kasa fitar da shi saboda iska ba ta yawo. Maganinsa fanka da rage ban ruwa: a cusa yatsa santimita uku, in da damshi a dakata. Tunda farantin ba ya busar da ƙasa da sauri, jadawalin ban ruwan da aka saba da shi a waje cikin rana yana ruɓar da saiwa a nan.

Ga mai farawa da tukwane biyu ko uku, ta cancanci saye. Wanda ya san zai wuce huɗu kafin shekara ta zagayo, gara tun farko ya nemi mai watt 200.