Shekara biyu bayan na cire kwantak daga tsohuwar tarakta Ford 8N

Taraktar da nake magana a kanta Ford 8N ce ƙirar 1949, ɗaya daga cikin fiye da 500,000 da aka ƙera tsakanin 1947 da 1952, mai injin fetur silinda 4 da batir mai volt 6. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙirar farko ya san inda gizo ke saƙa. Distiributarta, wato abin da ke rarraba wuta ga filogi-filogi, tana gaban inji, a matse tsakaninsa da lagireto, ta yadda ba a iya gyara kwantak, wato ɗan makunnin wutar da ke cikinta, sai an kwance noti biyu an ciro ta gaba ɗaya an ɗora a kan benci. Sai a 1950 aka mayar da distiributar gefen inji.

Aikin kwantak bai wuce buɗewa da rufewa ba. Idan bakinsa ya haɗu, wuta tana ratsa koyil, wato naɗin wayar da ke ƙara wa wuta ƙarfi. Idan ƙusumbin sandar distiributa ya ture shi ya buɗe, wutar ta yanke farat ɗaya, sai koyil ya harba wuta mai ƙarfin dubban volt zuwa filogi. Dabara ce da Charles Kettering ya daidaita tun wajen 1910, kuma ba ni da abin zargi a kanta. Matsalata ita ce taraktar tana yin watanni a ajiye, bakin kwantak ya yi tsatsa, sannan ɗan sashen kwantak da ke gogar ƙusumbin yana cinyewa a hankali, tazarar inci 0.015 da ake so ta ragu, tayimin, wato lokacin da filogi ke ba da wuta, ya ja baya ba tare da mutum ya lura ba. Kowace shekara sai na ciro distiributar aƙalla sau biyu.

Abin da na saya domin ya maye gurbin kwantak ƙaramin abu ne: faranti ɗauke da na'urar lantarki da ba ta kai akwatin ashana ba, da zobe mai maganaɗisu huɗu a cikinsa, ɗaya ga kowace silinda. Zoben yana hawa kan sandar distiributa, kuma duk lokacin da maganaɗisu ya gitta gaban na'urar sai ta yanke wutar koyil, bisa wata ka'ida da Edwin Hall ya gano a 1879. Babu abin da ke gogar wani abu, kondensa ma, abokin aikin kwantak, an sallame shi. Komai yana ɓoye a ƙarƙashin murfi, don haka taraktar ba ta sauya kama ba, abin da ke da muhimmanci a wurina fiye da yadda zan so in amsa.

Haɗawar ta ɗauke ni yini guda, kuma rabinsa ya tafi ne wajen karanta takardar bayani da awon juriyar koyil, domin koyil mai ƙarancin juriya yana jan wuta fiye da abin da na'urar za ta ɗauka. Abu na biyu da ya wajaba a kiyaye shi ne cewa a waɗannan taraktoci kan batir mai alamar tarawa ne ke haɗe da jikin ƙarfe, akasin motocin yau. Kwantak bai damu da ta ina wuta ta biyo ba, amma na'urar lantarki tana iya ƙonewa nan take idan aka juya mata waya. Wajibi ne a sayi wadda aka yi domin volt 6 da irin wannan haɗi.

Makon farko bai yi mini daɗi ba. Da sanyin safiya injin yakan yi ta juyawa bai tashi ba, sai daidai lokacin da na saki maɓallin sitata ya kama. Na fara zargin kayan, har na ɗauko tsohon kwantak ina juya shi a hannu. Da na sa mita na ga ainihin abin da ke faruwa: sitata tana zuƙe wutar batir har abin da ke isa distiributa ya faɗi ƙasa da abin da na'urar ke buƙata. Kwantak yana ba da ɗan tartsatsi ko da batir ya yi sanyi, ita kuwa wannan ko dai ta samu isasshiyar wuta ta yi aiki, ko ta yi shiru. Laifin na wayoyin batir ne. Wani ya taɓa sa wa taraktar sirara irin na motar volt 12, alhali tsarin volt 6 yana jan kusan ninki biyu na wuta, yana kuma son waya mai kauri. Na sauya su, na kankare tsatsar wurin da waya ke kama jikin ƙarfe, kuma tun daga ranar matsalar ba ta dawo ba.

Game da ƙarfi, gaskiya ban ga ƙari ba, kuma ina shakkar duk mai cewa taraktarsa ta zama sabuwa saboda wannan sauyi; mai yiwuwa tsohon kwantak ɗinsa ne ya riga ya lalace. Abin da na gani shi ne silo, wato juyin inji a hankali idan tarakta na tsaye, ya daidaita, kuma tayimin da na saita shekara biyu da suka wuce yana nan inda na bar shi. Taraktar ta yi wata huɗu a rumfa, na caja batir, ta tashi a juyi na uku. Sai dai na'urar ba ta gyara sandar distiributa mai girgiza ko ƙarafan da ke tura tayimin gaba idan sun cije, don haka na sauya bushin da sandar ke juyawa a cikinsa, na kuma wanke ƙarafan kafin in ɗora ta.

Akwai sabuwar ɗabi'a da ta zama dole, wato kada a bar makulli a kunne alhali inji a kashe yake, domin koyil da na'urar suna iya ɗaukar zafi har su lalace. Haka kuma idan na'urar ta mutu a tsakiyar gona, babu batun goge baki da ƴar takarda a ci gaba da aiki kamar yadda ake yi wa kwantak. Saboda haka na naɗe tsohon farantin da kwantak da kondensansa a tsumma mai mai, na saka a akwatin kayan aikin taraktar tare da sukundireba. Har yau ban kwance tsumman ba.