Shagon maganin feshin nan na Kawo, da yadda muka ƙare da baƙin tabon mangwaronmu

Na ɗan jima ina son in rubuta wannan, saboda duk wanda ya ga mangwaron da muka kawo gida bana sai ya tambaye ni wai wane magani muka sa, kuma gaskiya amsar ta fi ƙarfin sunan magani ɗaya. Akwai wani ɗan shagon kayan noma a unguwar Kawo da ke Kaduna, can ciki in ka bar bakin titi ta wajen tasha, shi nake son in yi magana a kai, abin da ya burge ni da kuma abin da bai min daɗi ba.

Muna da lambu ta wajen Rigachikun, Baba Allah ya jiƙansa ya bar mana, bishiya 17 ne, wasu ƴan aure irin su Binta suga, sauran na gargajiya ne mai zare. Shekara biyu a jere abu ɗaya ke samun mu. Mangwaro yana kan bishiya lafiya lau, kore shar, ka tsinka ka zuba a kwando, kwana uku zuwa huɗu da ya fara nuna sai ka ga baƙin ɗigo-ɗigo ya fito, washegari ɗigon ya faɗaɗa ya lotsa ciki, wasu kuma baƙin yana gangarowa ne daga wajen kara zuwa ƙasa kaman sawun hawaye. Ka kai kasuwar Bakin Dogo dillali ya ɗauki biyu uku ya jujjuya ya ajiye, ya faɗi kuɗin da ko na mota da na masu tsinka ba zai fitar ba, kai kuma ba ka da bakin magana don kana ganin abin da yake gani. Wallahi abin yana min ciwo, ba don kuɗin kaɗai ba, Baba da hannunsa ya dasa bishiyoyin nan.

Shekarar farko na shiga wani shago daban a cikin gari na ce mangwaro na yin baƙi, ko tambaya ɗaya ba a min ba aka miƙo min kwalbar maganin ƙwari, na biya, muka fesa har sau biyu, ba abin da ya canza. Shi ya sa da wani maƙwabcinmu a lambu ya ce in je na Kawo ɗin ban tafi da wani dogon buri ba.

Mai shagon dattijo ne, ya ce min ya daɗe yana aikin malamin gona kafin ya yi ritaya. Ina fara bayani ya tsayar da ni, ya ce “ɗana, ba na ba da magani da baki, je ka ɗebo min ganye da ƴaƴan da busasshen reshe in gani.” Na ɗan ji haushi a lokacin saboda Rigachikun da dawowa kuɗin mota ne, amma washegari na cika leda na kawo. Ya share saman teburinsa ya zazzage, ya saka tabarau, ya fara ware su kashi uku, kuma nan ne na gane ashe ni matsala uku nake kira da suna ɗaya.

Kashi na farko, wanda ya fi yawa, shi ne masu tabon nan mai lotsawa. Ya ce wannan cutar fumfuna ce, masana na ce mata antaraknos, kuma ƙwayar da ke kawo ta sunanta Colletotrichum gloeosporioides, har ya rubuta min a bayan rasit don in nema a intanet in karanta da kaina. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ya ce cutar ba a kwando take kama mangwaron ba, tun yana ƙarami a kan bishiya take shiga ƙarƙashin ɓawo ta kwanta shiru, ba za ka ga komai ba sai ranar da ya fara nuna sannan ta farka. Ya ɗauko ganye ya nuna min ƙananan tabo baƙi-baƙi da ruwan ƙasa, wasu har tsakiyar ta bushe ta huje, ya ɗauko busasshen reshen ya ce nan take kwana daga shekara zuwa shekara, da busassun ƴaƴan da suke maƙale a sama ba a cire ba. In raɓa ta sauka ko ruwa ya zuba sai ya wanko ƙwayoyin daga reshe zuwa kan ɗan mangwaro, wannan sawun hawayen da nake gani hanyar da ruwan ya bi ne. Shi ya sa wanda ya nuna da wuri a Maris yake tsira, na ƙarshen Afrilu da Mayu da ruwan farko ya doka shi ne yake lalacewa. Kuma haka ɗin ne yake faruwa a lambunmu, ban taɓa haɗa lissafin ba sai ranar.

Kashi na biyu ganye ne da ƴaƴa masu baƙi kaman hayaƙin fitila. Ya tsoma yatsa a ruwa ya murza, baƙin ya fita tas, ƙasan kore ne lafiyayye. Ya ce ka gani, wannan a sama kawai yake zaune, wasu fararen ƙwari ne masu kama da auduga suke tsotsar ganye suna zubar da wani ruwa mai danƙo irin darɓar da muka sani a dawa, baƙin kuma a kan danƙon yake tsirowa, in ka kori ƙwarin baƙin zai tafi da kansa. Na uku kuma ya sa wuƙa ya tsaga, sai ga tsutsa fara tana motsi, wannan aikin ƙudan mangwaro ne da ke huda ɓawo ya saka ƙwai, maganin fumfuna ba ruwansa da shi.

Toh nan ne mutumin ya sayi zuciyata. Watan Mayu ne lokacin, ni na zo da kuɗi a aljihu a shirye nake in sayi duk abin da ya ce, sai ya ce “bana kam ta wuce, in na sayar maka da magani yau na ci kuɗinka ne, wanda cutar ta riga ta shiga ba feshin da zai goge tabon.” Ya ce in koma in tattare duk wanda ya faɗi ƙasa in haƙa rami mai zurfi in binne, bayan an gama tsinka in sa a datse busassun rassa da waɗanda suka cunkushe tsakiyar bishiya don iska da rana su shiga, a ƙone su nesa da lambu, sai in dawo wajensa in an shiga hunturu kafin fure ya buɗe. Ranar ko naira ɗaya ban kashe a shagon ba.

Datse rassan sai da muka yi rigima a gida, yayana yana ganin ɓarna ce a sare reshen da zai yi ƴaƴa, amma dai aka yi.

Da na koma a Disamba ya haɗa min magani biyu. Ɗaya mancozeb ne, garin nan mai ruwan ɗorawa, shi ya ce in fara da shi daga lokacin da fure ya fara leƙowa, ina maimaitawa duk sati biyu. Ɗayan kuma mai sinadarin tagulla ne, copper oxychloride, kalarsa kore-kore, ya ja min kunne sosai kar in fesa shi a kan buɗaɗɗen fure don yana iya ƙona shi, sai ƴaƴa sun ƙulla tukuna. Ya juya bayan kowace leda ya nuna min lambar NAFDAC da ranar da maganin zai lalace, ya ce duk inda zan saya in fara duba waɗannan biyun. Ya karanta min awon da ke jikin takardar, ya lissafa min daidai da injin feshinmu na goyo mai lita 16, ya ce kar in ƙara wai don ya fi ƙarfi, kuma in kiyaye kwanakin da aka rubuta a bari tsakanin feshin ƙarshe da tsinka. Ya kuma ce magungunan nan biyu kariya ce suke yi a saman ganye da ɓawo, ba shiga cikin bishiya suke ba, don haka in ruwa mai ƙarfi ya wanke sai an sake. Feshin da sassafe ko da yamma in iska ta kwanta, ba da tsakar rana ba.

A Janairu na ga wani farin gari kaman toka a kan furen bishiya biyu, fure yana bushewa yana zuba, na ɗauka hoto na tura masa ta WhatsApp, cikin awa ɗaya ya kira ni ya ce wannan wata fumfunar ce daban mai son sanyin dare da raɓa, maganinta mai farar wuta ne. Kiran nan bai caje ni komai ba.

Sakamako dai, ba zan ce tabo ya ɓace gaba ɗaya ba, ƙarya ne. Amma bana in na zazzage kwando na bar shi kwana huɗu, masu tabon ƴan tsiraru ne da za ka tsince da hannu, alhali bara sai dai ka tsinci masu kyaun. Ƴan auren su suka fi nuna bambanci, dama su cutar ta fi ci a wajenmu. Manyan bishiyoyi uku da suka yi tsawo sosai kam har yanzu samansu yana yi, don injin goyo ba ya kai ruwa can.

Wannan ya kawo ni kan abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Na farko shagon ba shi da kayan kariya, ba safar hannu ba abin rufe hanci na kirki ba tabarau, sai ka je wani waje ka nema, alhali shi da kansa yake cewa kar a fesa ba kariya. Mancozeb ɗin nan ba abin wasa ba ne, Tarayyar Turai ma ta janye amincewarta da shi a 2021, mu nan yaro zai goya inji da singileti yana fesa sama ruwan na dawo masa a fuska. Wanda yake sayar da maganin ya kamata a ce kariyar na rataye kusa da shi. Na biyu, in dattijon ba ya nan akwai yaron da ke tsaron shagon, wata rana na tarar yana auna wa wani manomi gari daga buɗaɗɗiyar leda zuwa farar leda, ba suna ba awo ba kwanan wata, mutumin zai tafi gida bai san me ya riƙe ba, kuma irin wannan ledar in ta shiga gida mai yara Allah kaɗai ke kiyayewa. Na faɗa wa dattijon, ya ce zai yi masa magana, zuwana na ƙarshe ban ga ana yi ba. Na uku kuɗinsu ya ɗan fi na cikin kasuwa, ba sosai ba amma in bishiyoyinka da yawa za ka ji a jikinka, kuma ba ya rage ko sisi. Sannan ba su da injin feshi mai mota na haya wanda zai kai saman dogayen bishiyoyi, na nema har na gaji.

Wani abu da ya koya min kyauta wanda ba ya buƙatar magani ko kaɗan shi ne yadda ake tsinka. Mu da gora muke kaɗowa ya faɗo ƙasa ya ƙuje, shi ya ce a tsinka da ɗan guntun karansa, a kife shi kan tabarma a inuwa ƙaron ya tsiyaye, saboda ƙaron nan in ya zuba a ɓawo yana ƙona shi ya bar wani baƙin da mutane ke ɗauka cuta ce. Wanda za a kai nesa kuma a tsoma shi a ruwan ɗumi mai zafin digiri 52 na minti 5, a shanya ya bushe kafin a zuba a kwando. Na sayi ma'aunin zafi na gwada da rabin kwando a babbar tukunyar Hajiyarmu, ɗaya rabin na bar shi haka, bayan kwana biyar na jera su a tire biyu, wanda aka tsoma ɗin tabonsa bai kai na ɗayan ba ko kusa. Sai dai a kula da awon, in ruwan ya wuce zafi ɓawon yana dahuwa.

In za ka je, ka je da safe tsakanin tara da sha biyu, lokacin ne dattijon yake zaune da kansa, bayan azahar yawanci yaron ne. Ka tafi da ganye da ƴaƴa da reshe a leda, kar ka je hannu rabbana don zai maido ka. Kuma kar ka jira sai ka ga tabo a kwando, ni bana tun Nuwamba zan koma, ina so in tambaye shi yadda za mu rage wa manyan bishiyoyin nan uku tsawo ba tare da mun rasa ƴaƴan shekara biyu ba.