Gargaɗi ga masu haɗa ƙananan motocin tsere a Birtaniya: ɗan damfarar da ke bibiyar masu cigiyar kayan gyara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina rubuta wannan ne domin duk wanda yake zaune a Birtaniya kuma yake da sha'awar motocin nan da mutum ke haɗawa da hannunsa a garejin gidansa, ko yake da ɗan'uwa ko aboki mai wannan sha'awa. A makon da ya wuce wani ɗan damfara ya karɓe mini fam 280 a kan kayan gyaran da bai mallaka ba, kuma na tabbata ba ni kaɗai ya yi wa haka ba. Kuɗin ba su kai a yi kuka a kansu ba, amma hanyar da ya bi ta tayar mini da hankali ƙwarai, domin an shirya ta ne daidai da halin mutane irinmu.

Ga wanda bai san harkar ba, irin waɗannan motoci sun samo asali ne daga Lotus Seven, wadda Colin Chapman ya fito da ita a 1957, kamfanin Caterham kuma ya sayi izinin ci gaba da ƙera ta a 1973. Mota ce mai kujera biyu, ba rufi, ba ƙofofi na kirki, kuma nauyinta bai kai rabin na motar gida ba. Tawa ba ta kamfani ba ce, ni na haɗa ta cikin shekara huɗu a Birmingham, a kan firam na bututun ƙarfe da aka yi wa walda, da injin Ford Zetec mai lita 2, da akwatin giya mai giya 5 wanda ake kira Type 9. Sauran kayan ƙafafun baya duk daga tsohuwar Ford Sierra suka fito, kamar yadda dubban masu irin wannan mota suka yi. Matsalar ita ce an daina ƙera Sierra tun 1993, waɗanda suka rage kuwa tsatsa ta cinye mafi yawansu, saboda haka kayan da a da ake tsinta a wurin 'yan gwangwan a kan kuɗi kaɗan yanzu sai an yi cigiya.

Abin da nake nema shi ne difiranshiyal, wato akwatin haƙoran da ke karɓar ƙarfi daga farfela, sandar da ke fitowa daga akwatin giya, ya raba wa tayoyin baya. Wanda ke jikin motata na gama-gari ne, kuma da yake motar ba ta da nauyi, duk lokacin da na fito daga kwana a kan jiƙaƙƙen titi na taka mai, sai tayar ciki ta riƙa juyawa a banza, ɗayar kuma ba ta samun ƙarfi. Maganin wannan shi ne irin wanda ke hana taya ɗaya zamewa ita kaɗai, wanda Ford ya sanya wa Sierra XR4x4. Na shafe wata biyar ina nema ban samu ba, sai na rubuta cigiya a wani zauren masu irin waɗannan motoci a intanet. Na faɗi komai dalla-dalla: girman inci 7, lissafin haƙora 3.62 (wato sau nawa farfela ke juyawa kafin tayoyi su zagaya sau ɗaya), da garin da nake, da iyakar abin da zan iya biya. Yanzu da na waiwaya, na ga cewa ni da kaina na rubuta masa duk abin da zai yaudare ni da shi, bai ƙara komai daga wurinsa ba sai alkawari.

Kafin awa uku wani ya aiko mini da saƙo a keɓe, ya ce ya ga cigiyata, shi ba shi da kayan, amma wani abokinsa dattijo ya fasa haɗa motarsa saboda rashin lafiya, yana sayar da abin da ya tara, ga adireshin imel ɗinsa. Ina roƙon ku ku lura da wannan mataki, domin a nan dabarar take. Da mai kayan ne ya zo mini kai tsaye da na duba tarihinsa a zauren, amma da yake wani ne ya yi mini hanya, sai na ji kamar an yi masa shaida, alhali mai shaidar da wanda ake yi wa shaidar mutum ɗaya ne. Sai daga baya na duba na ga cewa a ranar aka buɗe asusun da ya aiko mini da saƙon, kuma bai taɓa rubuta ko kalma ɗaya a bainar jama'a ba.

Dattijon bogin ya amsa cikin ladabi, ya turo hotuna uku na difiranshiyal a kan shuɗiyar leda, an wanke shi tas, da sifana a gefe. Na ce zan zo in gani da idona in ɗauka, ya ce yana can ƙuryar arewacin Sikotlan, tafiyar da za ta cinye yini guda zuwa kawai. Na nemi mu yi kiran bidiyo, ya ce sadarwa ba ta da ƙarfi a ƙauyensu. Na yi masa tambayar da duk wanda ya taɓa kwance ƙafar Sierra zai amsa da bayani, wato ko sandunan tayoyin irin waɗanda ake turawa ciki ne ko irin waɗanda ake ɗaurewa da kusoshi 6, sai ya ce mini kada in damu, zai shiga kowace mota. Wannan amsa kaɗai ta isa ta tsayar da ni, domin irin da nake nema na ɗauri ne, kuma mai sandunan turawa sai ya canza su kafin ya zauna. Na ji zuciyata ta yi ɗar, amma na yi wata biyar ina jira, ga shi kuma ya ce akwai wani da ke son biya da yamma.

Da na zo tura kuɗin, manhajar bankina ta nuna mini cewa sunan da na rubuta bai dace da sunan mai asusun ba. Na gaya masa, ya ce asusun matarsa ne, ita ke riƙe masa kuɗi tun da ya kwanta rashin lafiya. Na tura. Washegari ya aiko cewa kamfanin dakon kaya ya ce abin ya haura kilo 20, sai an ƙara fam 60 na inshora, wanda za a mayar mini idan kaya sun iso. A nan ne jikina ya yi sanyi. Na ɗauki ɗaya daga cikin hotunan na sa a manhajar binciken hoto, cikin minti ɗaya sai ga shi ya fito a wata tsohuwar talla da aka rufe shekaru da suka wuce, da ledar da sifanar duka. Da na tura masa abin da na gano, ya yi layar zana, asusun abokin nasa na zauren ma aka neme shi aka rasa.

Na kai ƙara banki a ranar, na kuma sanar da 'yan sanda. Ya kamata kowa ya san cewa tun daga 7 ga Oktoba 2024 akwai ƙa'ida a Birtaniya da ta wajabta wa bankuna mayar wa wanda aka yaudara ya tura kuɗi da hannunsa abin da ya rasa, har zuwa fam 85,000, kodayake banki na iya cire har fam 100, kuma dole a kai ƙara cikin wata 13. Ƙa'idar ta shafi kuɗin da aka tura tsakanin asusun bankunan cikin ƙasar ne, ba ta kare wanda ya tura waje ba. Shi ya sa wasu daga cikin macutan suka fi son a biya su ta PayPal ta ɓangaren da aka ware wa dangi da abokai, suna cewa don a guje wa caji ne, alhali wannan ɓangaren ba shi da kariyar mai saye ko kaɗan. Wanda ya biya ɗan kasuwa da katin bashi kuwa, sashe na 75 na dokar bashin masu saye ta 1974 yana kare shi a kan kayan da kuɗinsu ya haura fam 100 har zuwa fam 30,000.

Bayan na ba da labarin a zauren, mutum biyu suka ce an turo musu saƙo iri ɗaya, ɗaya a kan akwatin giya, ɗaya a kan kabureta. Na uku ya nuna mini abin da ya fi ba ni tsoro: da imel ɗin nan dai ana tallar irin wannan motar haɗin hannu sukutum, ana neman kafin alƙalami na fam 1,000, kuma takardar rajistar da aka ɗauki hotonta, wato V5C, ta nuna Ford Sierra ce. Ko da motar tana nan da gaske, wannan takarda ba tata ba ce. Motar da aka haɗa a kan sabon firam sai ta ci jarrabawar IVA ta tabbatar da ingancin ƙirarta, wadda hukumar gwajin motoci ta DVSA ke yi, sannan hukumar rajistar motoci ta DVLA ta yi mata rajista da sunanta da lambar firam ɗinta, ta ba ta lambar da ta dace, wani lokaci mai farawa da harafin Q idan ba a tabbatar da shekarun kayanta ba. Wanda ya sayi motar da ke yawo da takardun tsohuwar motar da aka ciro wa inji, ya sayi rigima: kamfanin inshora na iya ƙin biyansa ranar da ya yi haɗari, 'yan sanda na iya kama motar, kuma kai ta IVA daga baya yana iya nufin a sake kwance rabin aikin. A shafin gwamnati ana iya sa lambar mota kyauta a ga sunan da aka yi mata rajista da shi da tarihin gwajin MOT ɗinta, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, kuma lambar da aka buga a jikin firam dole ta yi daidai da ta takarda harafi da harafi.

Ga mai neman irin abin da nake nema, idan mai kaya na gaskiya ne ba zai ƙi kiran bidiyo na minti biyu ba. A sa shi ya ɗora difiranshiyal ɗin a kan benci ya juya gefe ɗaya da hannu: idan mai hana zamewa ne ɗaya gefen zai bi shi su juya tare, idan na gama-gari ne yakan juya ta baya. A sa shi ya yi alama da alli ya ƙirga sau nawa bakin farfela ke juyawa kafin gefunan tayoyin biyu su zagaya tare sau ɗaya, nan za a san lissafin haƙoran. Idan wurin ya yi nisa, a nemi ɗan zauren da aka daɗe da sani wanda ke kusa ya je ya gani, mutanen wannan harka suna yi wa juna irin wannan alfarma ba tare da an roƙa sau biyu ba. Wanda kuma zai rubuta cigiya, ya bar wani bayani guda a ransa bai faɗa ba, domin ya gwada mai amsawa da shi.

Maganar kuɗina tana hannun banki, motar kuma tana kan jak a gareji da tsohon difiranshiyal ɗinta a ƙasa, domin na riga na kwance shi ina jiran wanda ba zai zo ba. Duk wanda aka turo wa saƙon abokin dattijo mara lafiya a arewacin Sikotlan, ina roƙonsa kada ya goge shi, ya ɗauki hotonsa da lambar asusun da aka ba shi ya kai wa bankinsa da masu kula da zaurensu, domin a rufe asusun kafin a tura masa kuɗin wani.